Sabon aiki a Legas da faɗuwar gaba: a jira, a horar da kai, ko a ga likita?

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Gusau ya sami aiki a Legas yakan gano tun makon farko cewa aikin da aka ɗauke shi dominsa ba shi ne mai wuyar ba. Lissafin ya iya, injin ya iya, tuƙin ya iya. Abin da ke kayar masa da gaba shi ne mitin ɗin safiyar Litinin da ake zagayowa kowa ya faɗi abin da ya yi a makon jiya. Ko lokacin abincin rana, ana ta raha da Yarbanci da Turancin buroka, shi kuwa bai san inda zai sa baki ba. Ko Juma'ar farko, da dole ya tunkari shugabar sashe ya ce mata zai fita masallaci. Zuciya ta yi ta dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, murya ta shaƙe, kalmar da ya sani sarai ta ɓace masa.

Mutanenmu a nan hanyoyi huɗu suke bi da wannan matsala: su jira lokaci suna jingina da 'yan'uwa, su horar da kansu a cikin wurin aikin, su shiga ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a, ko su je wurin likita. Hanyoyin ba ɗaya suke ba, ko a kuɗi, ko a lokaci, ko a abin da kowace ke gyarawa. A ganina yawancin mutane ta biyun ce tasu, wasu kuma ta huɗun ce kuma bai kamata su ɓata lokaci ba. Abin da ya fi damuna shi ne yawan waɗanda ke zaune a kan ta farko suna zaton magani suke sha.

Kafin zaɓi akwai tambaya ɗaya da ta kamata mutum ya yi wa kansa tsakani da Allah: a gida ma haka nake? Idan a majalisar unguwarku kai ne mai jan hira, a aji kana ɗaga hannu, a wurin ɗaurin aure kana kutsawa cikin jama'a ba tare da wani tunani ba, sai da ka shiga ofis a Ikeja bakinka ya mutu, to matsalarka baƙunta ce da harshe, kuma irin wannan ba ta da wuyar warwarewa. Idan kuwa tun kana sakandare kake sauya hanya don kada ka wuce ta gaban majalisa, ka sha ƙin zuwa makaranta ranar da za a tsayar da kai gaban allo, kiran waya ma sai ka yi ta jinkirta shi, to ba Legas ce ta kawo abin ba, tono shi ta yi. Likitoci suna kiran abin ciwo ne idan tsoron a lura da kai a raina ka ya wuce kima, ya kai wata 6 ko fiye, yana sa ka guje wa wurare, yana kuma ɓata maka aiki ko karatu ko zumunci. Galibi tun shekarun balaga yake somawa. Amsar da ka ba wannan tambayar ita ce rabin zaɓin.

Hanya ta farko ita ce mafi daɗi. Legas ba ta rasa Hausawa ba. Agege tana da zangonta tun zamanin fataucin goro da zuwan layin dogo, ga Idi-Araba, ga Obalende, ga Mile 12 inda motocin tumatir da albasa da attaruhu ke sauke kaya daga Arewa. Mutum ya taso aiki ya zauna wurin mai shayi, ya yi dariya da harshensa, ya yi sallar isha'i cikin mutanen da ba sai ya yi musu bayanin kansa ba. Wannan hutu ne na gaske, ba ya cin ko kwabo, kuma ba na son kowa ya raina shi. Wanda ba shi da inda zai sauke nauyin yini ba zai iya ɗaukar na gobe ba. A can kuma za ka ji daga waɗanda suka riga ka zuwa yadda ake tafiyar da oga, da abin da ake yi wa dariya, da abin da ba a yi wa.

Amma jira yana da tsada a ɓoye. Kamfanoni da yawa suna sa sabon ma'aikaci a gwaji na wata 3 zuwa 6 kafin a tabbatar masa da aiki, kuma a cikin waɗannan watannin ne ake yanke hukunci a kan ko wane ne shi. Tarbiyyar da muka tashi da ita, ta sunkuyar da kai gaban babba, ta ƙin katse magana, ta ƙin yabon kai, abu ne mai kyau, amma a ofis ɗin Legas ba kowa ke karanta ta yadda muke nufi ba. Wani zai ɗauka girman kai ne, wani ya ɗauka ba ka san aikin ba. Ranar auna ƙwazo kuwa fom za a miƙo maka ka rubuta abin da ka yi da hannunka, ka kuma kare shi da bakinka.

Sannan akwai yadda tsoron kansa yake aiki. Duk lokacin da ka kauce wa abin da kake tsoro, ka ci abinci kai kaɗai a bayan sito, ka aika saƙo maimakon ka ƙwanƙwasa ƙofar oga, jikinka yakan sami sauƙi nan take. Wannan sauƙin shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa kaucewar ce ta cece ka, sai gobe ta ƙara matsa maka ka kauce. Kamar cin bashi ne don a biya bashi: yau an huta, gobe ya ƙaru. Wani lokaci ma hirar majalisa takan ƙara wa abin ƙarfi, idan kullum zancen shi ne "ai ba sa son mu". Mai baƙunta kawai, wanda dole aikinsa ke haɗa shi da mutane, zai iya warwarewa da kansa cikin makonni. Mai tsohon tsoro kuwa shekara za ta zagayo ta same shi a kujerar baya ɗin nan.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya maida wurin aikin kansa filin horo. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna tun 1977 cewa babu abin da ke gina yarda da kai kamar mutum ya yi abu da kansa ya ga ya iya. Lallashi da ƙarfafa gwiwa suna taimakawa, amma suna bayan wannan. Ma'ana, ƙwarin gwiwa ba ya zuwa kafin aiki, bayansa yake biyowa. Saboda haka ba jiran ranar da gaba zai daina faɗuwa ake yi ba. Ana yin ƙaramin abu ne gaban yana faɗuwa, a maimaita shi har ya zama ba komai ba, sannan a hau na gaba.

Matakin farko kuma yana hannunmu tun daga gida, wato gaisuwa. Bahaushe ya iya gaisuwa, Bayarabe kuma yana girmama mai gaisuwa ƙwarai. Ka fara da maigadi, da mai shara, da mai karɓar baƙi, ka riƙe sunayensu. "E kaaro" da safe, "e ku ishe" ga wanda ka tarar yana aiki, wanda daidai yake da sannu da aiki, "kedu" ga Ibo. Ba sai ka iya harshen ba. Kalma biyu da sakin fuska sun isa su sa a fara ganinka a matsayin na gida, kai kuma bakinka ya saba buɗewa a cikin ginin kafin ka isa teburinka. Bayan mako guda ka ƙara tambaya ɗaya a rana ga abokin aiki, tambayar aiki ta gaske: ina ake ajiye wannan takarda, wa ke sa hannu a kan wancan. Matambayi ba ya ɓata, kuma sabon ma'aikaci yana da lasisin tambaya wanda zai ƙare bayan 'yan watanni, gara a mora shi. Daga nan sai zama cin abinci da mutane, ko da saurare kawai za ka yi. Daga nan sai jimla ɗaya a mitin, kuma a farkonsa, domin duk minti ɗin da ka ƙara kana jiran lokacin da ya dace, fargabar ƙaruwa take yi.

Maganar Juma'a da sallar azahar, wadda ke hana wasu barci, ta fi sauƙi idan aka faɗe ta sau ɗaya a fili tare da tsari: ranar Juma'a zan fita ƙarfe 1 in dawo 2 da rabi, zan cike lokacin da yamma. Legas cike take da Musulmi Yarabawa, da wuya ka zama kai ne na farko da ya nemi wannan a wurin. Ke kuma 'yar'uwa, idan ba kya musabaha da maza, kada ki jira a miƙo hannu sannan ki daburce. Ki riga yin gaisuwar da murya a sake, hannunki a ƙirji. Mutane suna bin abin da aka nuna musu, kuma kunyar da ake tsoro tana faruwa ne a cikin daƙiƙun da kowa bai san abin yi ba.

Akwai wani ɓangare da masu ba da shawara suka cika tsallakewa, alhali shi ne ke raba wanda horonsa ya yi amfani da wanda ya sha wahalar banza. A 1995 wasu masana biyu a Ingila, David Clark da Adrian Wells, sun bayyana cewa mai wannan tsoro yakan shiga cikin mutane amma ya shiga da garkuwa. Ya maimaita jimla sau goma a zuci kafin ya furta. Ya riƙe waya yana dannawa don kada a yi masa magana. Ya yi magana ƙasa-ƙasa da sauri don ya gama. Ya kafe ido a kan takarda. Hankalinsa duk yana kan kansa: muryata tana rawa? an ga gumina? Irin wannan mutum zai halarci mitin ɗari bai warke ba, domin kullum zai ce dabarar ce ta fisshe shi. Kuma dabarun su ne ke sa a gan shi kamar mai ɗaure fuska. Don haka horo na gaskiya shi ne a shiga, a ajiye garkuwa ɗaya, a kuma juya hankali waje: me wannan mutumin yake faɗa, me yake buƙata daga gare ni. Da wuya a farko, ba na ɓoye wannan. Amma nan ne canjin yake.

Bincike guda biyu suna da amfani a riƙe su a zuci. A shekarar 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka sun sa ɗalibai sanya riga mai hoton da suke jin kunyarsa su shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura, alhali wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne suka lura. A 2018 kuma Erica Boothby da abokan aikinta sun gano cewa bayan hira da baƙo, mutane sukan raina yadda abokin hirar ya ji daɗinsu. Wato kuskuren da kake ɗauka kowa ya gani, yawancinsu ba su gani ba, kuma wanda ka yi hira da shi ya fi son ka fiye da yadda kake zato.

Wannan ya kawo ni ga hanyar komawa gida, wadda a Legas wani ɓangare ne na ciwon. Wanda ke zaune a Agege yana aiki a Victoria Island zai iya shafe sa'o'i a cunkoso, gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12. Ko jirgin ƙasan da ke bi ta Agege da Ikeja da Oshodi zuwa Oyingbo ka hau, akwai sauran tafiya. Duk wannan lokacin mai fargaba yana tisa abin da ya faɗa da safe, yana ƙara masa muni. Kafin ya isa gida, ƙaramin tuntuɓen harshe ya zama abin kunyar shekara. Maganinsa shi ne a yi wa tunanin iyaka. Ka rubuta layi uku a waya: abin da na ji tsoron zai faru, abin da ya faru a zahiri, abin da zan gwada gobe. Ka rufe, ka sa karatu ko labarai a kunne. Bayan wata guda, layi na farko da na biyu idan ka jera su za su nuna maka da hujja yawan lokutan da tsoron ya yi maka ƙarya.

Maganar lafazi kuwa, gaskiya ne ana tsokanarmu da musanya "p" da "f". Amma babu wanda ke Turanci a Legas ba tare da harshen uwarsa ya leƙo ba, kowace ƙabila da harafin da ke ba ta wahala. Abin da ke hana a fahimce ka ba lafazin ba ne, sauri ne da ƙanƙantar da murya. Ka rage gudu, ka ɗaga murya kaɗan. Idan wani ya maida "aboki" ko "malam" sunanka da sigar raini, ka faɗa masa sunanka cikin natsuwa, ka maimaita idan ya sake. Idan abin ya zama cin mutunci na kullum, wannan ba fargabarka ba ce, laifin mai yi ne, kuma wurin kai shi sashen kula da ma'aikata ne. Bai kamata mutum ya yi ta horar da kansa don ya jure wulaƙanci ba.

Kada kuma a yi horon nan a kaɗaice. Da aka aiki Annabi Musa, alaihissalam, zuwa ga Fir'auna, ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji, ya sauƙaƙe masa al'amari, ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, sannan nan take ya roƙi a ba shi mataimaki, ɗan'uwansa Haruna. Yana nan a Suratu Ɗaha daga aya ta 25. Addu'a da mataimaki tare suka zo. A wurin aiki ka nemi mutum ɗaya, ba lallai Bahaushe ba, wanda ya daɗe a wurin kuma yake da sauƙin kai. Shi zai gaya maka wace ce ba a zuwa wurinta kafin ta sha shayi, shi zai ce "wane yana da magana" a mitin, shi za ka tambaya bayan an tashi ko bayaninka ya fita.

Raunin wannan hanya a fili yake. Ba ta cin kuɗi amma tana cin naci, kuma babu mai duba ka. Wani zai yi tsalle daga gaisuwa zuwa jawabi gaban manyan kamfani, ya sha kaye, ya ce ai na gwada. Wani zai tsaya a gaisuwa wata shida. Mai tsohon tsoro mai tsanani kuma sau da yawa ba ya iya ganin garkuwoyinsa da kansa, domin sun zame masa jiki.

Hanya ta uku ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Amurka a 1924, tana da rassa a Legas. Ana haɗuwa a kai a kai, sabon shiga ya yi jawabin gabatar da kansa na minti 4 zuwa 6, akwai kuma sashen da ake jefo maka tambaya ka amsa cikin minti ɗaya ko biyu ba shiri, sannan a gaya maka inda ka yi kyau da inda za ka gyara. Baƙo yakan iya zuwa ya kalla kafin ya yanke shawara, mamba kuma yana biyan kuɗi duk wata shida. Amfaninta shi ne kuskurenka a can ba ya taɓa albashinka. Ta dace da wanda matsalarsa tsayawa gaban jama'a ce da Turanci, kamar mai tallan kayan kamfani ko wanda ake sa shi gabatar da rahoto. Ba ta cika taimakon wanda abin da ke ba shi tsoro shi ne hirar mutum biyu a bakin famfo ba. Kuma a garin da ake fita da asuba a dawo bayan isha'i, ƙarin tafiya zuwa wani taro ba ƙaramin abu ba ne. Idan reshen bai kusa da gidanka ko wurin aikinka ba, da wuya ka ɗore.

Hanya ta huɗu ita ce mutanenmu suka fi gudu, kuma dalilin gudun sananne ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda tarihinsa ya koma 1907, sunansa ya zama abin zolaya a bakin 'yan Legas, mu kuma a gida da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai a ce hauka. Wannan tunanin ya hana mutane da yawa samun sauƙin da ke kusa da su. Mai tsoron shiga jama'a ba kwantar da shi ake yi ba. Zuwa yake ya ga likita ko masanin halayya ya koma aikinsa. Ban da Yaba, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, a tsakiyar unguwar da Hausawa suke, da na LASUTH a Ikeja, ga kuma masu zaman kansu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare masu irin wannan lalura daga wariya, kuma abin da ka faɗa wa likita sirri ne tsakaninku.

Abin da ya kamata ka nema da sunansa shi ne CBT, wato jinya ta hanyar zama da ƙwararre a gyara tunani da ɗabi'a. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin jinya, a jagorar da ta fitar a 2013, ita ta sa a gaba ga manya masu wannan ciwo, kafin magani, zama kusan 14 zuwa 15 cikin wajen wata huɗu. A zahiri abin da ake yi a ciki ɗan'uwan hanya ta biyu ne, sai dai akwai mai ido a kanka. Shi zai gano garkuwar da ba ka san kana riƙe da ita ba, ya tsara matakan daidai ƙarfinka, wani lokaci ya ɗauki bidiyonka kana magana ya nuna maka, ka ga rawar muryar da kake jin ta cika ɗaki ba ta ma fito ba. Idan ana buƙatar magani, akwai irin su sertraline da escitalopram. Ba sa aiki rana ɗaya, sai an yi makonni, a farko suna iya kawo tashin zuciya ko ƙarin rashin natsuwa, kuma ba a daina su kwatsam. Propranolol yana rage bugun zuciya da rawar hannu ga mai jawabi na rana ɗaya, amma ba ya taɓa tunanin da ke haifar da tsoron, kuma haɗari ne ga mai asma. Duk waɗannan likita ke rubuta su, ba mai kemis ba. Wani amfanin ganin likita shi ne zai duba ko wani abu ne daban a jiki, domin ƙaruwar aikin thyroid, gaɓar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, tana kawo bugun zuciya da gumi da rawar hannu iri ɗaya. Zai kuma tambaye ka goro nawa kake ci, kofi nawa kake sha, da lemukan ƙara kuzari, domin duk suna ɗauke da sinadarin da ke tsananta waɗannan alamun.

Tsadar wannan hanya ta gaske ce. Asibitin gwamnati ya fi araha, amma layi zai iya cinye maka yini, kuma neman izinin fita a lokacin gwaji shi kansa abin fargaba ne. Masu zaman kansu suna ba da lokaci da yamma ko ranar Asabar ko ta bidiyo, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin albashi. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Idan kamfaninku yana da inshorar lafiya, ka tambaya ko tsarinku ya haɗa da wannan, wasu suna biyan zama kaɗan, wasu ba sa biya. Sai harshe: abin da ke cikin zuciya ya fi fita da Hausa, kuma ba lallai ka dace da mai jin ta a Legas ba. Ka tambaya tun farko. Idan za ka je gida hutu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da asibitin koyarwa na Aminu Kano.

Akwai hanya ta biyar da ban lissafa ba domin ba hanya ba ce, amma dole a ambace ta, don ita ce aka fi saurin miƙa wa matashi a tasha da bakin kasuwa. Tiramadol, maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da shi a Mayun 2018, ƙwayoyin sa barci, ko kwalba ɗaya a fitar da abokan aiki ke yi daren Juma'a "don baki ya buɗe". Suna kashe tsoron na sa'o'i, wannan gaskiya ne, shi ya sa suke da haɗari. Mutum bai koyi komai ba, gobe yana buƙatar ƙari, kuma ya ɗora jaraba a kan matsalar da tun farko tana da magani.

To wa zai bi wace? Idan a gida kana sakewa, nan ne kawai ka ƙulle, ka bi ta biyu, ka riƙe majalisar 'yan'uwa a matsayin wurin hutu. Idan aikinka na tsayawa gaban mutane ne kuma akwai reshen Toastmasters kusa, ka haɗa da ta uku. Idan tsoron tsoho ne amma kana iya zuwa aiki kana yin abin da aka sa ka, ka ba hanya ta biyu mako 8 da gaske, kana rubuta layukan nan uku kullum. In ka duba ka ga abin da ya gagare ka a makon farko yanzu kana yin sa, ci gaba. In kana nan inda kake, ka nemi ƙwararre, kuma ka tafi da rubutun, zai rage muku yawan tambayoyi.

Wasu kuwa ba sa buƙatar jiran mako 8. Wanda ya fara ƙirƙiro ciwo don kada ya je aiki, wanda ya taɓa ajiye aiki ko ya ƙi karɓar ƙarin girma saboda za a sa shi magana, wanda numfashinsa ke sarƙewa har ya ji kamar zai mutu, wanda barci da cin abinci suka gagare shi makonni, ko wanda ya riga ya fara shan wani abu kafin ya shiga ofis, wannan ya je asibiti a wannan makon. Idan kuma tunanin cutar da kai ya fara zuwa, a gaya wa wani na kusa a yau, a je sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na Jihar Legas.